Gwangwanin da Ya Mayar da Mu Daga Kan Iyaka

Abokan zamana na majalisar bakin kanal sun matsa mini. Duk ranar da aka ɗauko zancen kaji sai wani ya ce, "Idi, ba mu labarin tafiyarku Dahomai mana." Na sha ba da shi gutsure-gutsure, kowa ya tafi da nasa guntun yana ƙara masa gishiri, har na ji wani a kasuwar Kura yana rantsuwa wai a jirgin ruwa muka je. To, tunda cikin manyan da aka yi abin da su ni kaɗai na rage, bari in faɗe shi daga farko yadda ya faru.

Shekara biyu ke nan da canjin kuɗi daga fam zuwa naira. Ruwan Tiga bai daɗe da isowa gonakinmu na Bunkure ba. Mu da muka saba in rani ya yi sai cirani ko zaman gindin bishiya, sai ga mu muna tsinkar tumatir da yankan alkama a watan da a da ko akuya ba ta samun ɗanyen haki. Kai, an ji daɗin shekarun nan. Dusa ta yi yawa a kowane gida, ga ma'aikatan ruwa da injiniyoyi a Kadawa kullum suna cigiyar kaji.

Ana cikin haka wasiƙar yayana Haruna ta iso. Shekararsa bakwai a Dahomai, kusa da garin Ajashe, yana aiki a wata gonar kaji. Ya ce a can ɗan tsako ba ya cika wata biyu ya isa yanka, saboda wani gari da ake zuba musu a abinci. Mu kuwa kazarmu sai ta haura wata shida tana tono kafin ta cika hannu.

Taubashina Ɗanlami ne ya fara zuga ni. Ɗan Gwaggona ne, don haka bawa nake kiransa, shi kuma bai taɓa yarda ba. Ƙato ne, ga baki, ga tsoro.

"Ga dusa, ga masu saye," in ji shi. "Garin nan kawai ya rage mana. Mu je mu gano Yaya Haruna, mu dawo da garin."

"Bawa, kai da ko Zariya ba ka taɓa wucewa ba?"

"Ai shi ya sa zan tafi da kai, ka riƙe mini jaka."

Bayan sallar asuba muka hau rokar Mamman Direba a Kura, cike da kwandunan tumatir za ta Legas. Katako aka gitta a saman kaya muka zauna. Innarmu ta haɗa mana guzurin ƙuli-ƙuli da dakuwa, ta ƙulla wa Asabe matar Yaya daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta ce a can ba su da abin miya na kirki.

Ba mu kai ko'ina ba tsiya ta fara. Bayan Birnin Gwari motar ta faɗa wani rami, katakon da Ɗanlami ke kai ya karye, ya nutse cikin kwando har ƙugu. Sabon farin wandonsa na tafiya ya koma ja wur. Da muka tsaya cin abinci a Tegina, mai tuwon ta gan shi ta ɗora hannu a ka tana salati, ta ɗauka sukarsa aka yi. Mamman ya leƙa kwandon ya girgiza kai.

"Bawan Allah, matan Legas ne za su markaɗa wannan, kai ka riga su tun daga daji."

A Jebba na fara ganin kogin Kwara. Ni da nake taƙama da faɗin kanal ɗinmu sai na raina shi. Gada ɗaya ce a lokacin, jirgin ƙasa da motoci duk ita suke bi, sai an ba wani hannu wani ya jira. Muka yi rabin yini a layi, Mamman na ta kai-kawo yana shinshina kwanduna, don tumatir ba ya son rana. Mu kuwa muka sayi kifi banda wurin Nufawa muka zauna a inuwa. Nan wani tsoho mai gyaran takalma ya ji Hausarmu ya matso.

"Samari, daga wace ƙasa?"

"Daga Bunkure, Baba."

Ya ajiye basillarsa. Ashe mutumin Kura ne, aikin reluwe ya kawo shi tun yana saurayi, bai sake komawa ba. Ya yi ta jero mana sunayen mutane, mafi yawansu mu a labari muka san su. Da muka ce masa yanzu ana noman alkama da rani a garinsu sai ya yi dariya, ya ce yaran zamani ba su da kunya, har tsoho suke yi wa ƙarya. Ɗanlami ya ɗebo masa tumatir a hula ya ce, "To Baba, wannan shekaranjiya aka tsinko shi a bayan garinku." Tsohon ya riƙe guda ɗaya yana juyawa. Har motarmu ta hau gada ina hango shi bai koma kan aikinsa ba.

A Ilori aka kawo mana amala. Na ga tuwo baƙi na ce wa matar ya ƙone, ta bi ni da Yarbanci mai zafi. Miyar da ta zuba kuwa, na ɗanɗana na ji ashe lalo ce, irin wadda ke fitowa a bayan ɗakin Inna, sai dai barkonon da ke ciki ya isa gidanmu mako guda. A nan kuma na ga ƙaton mutum da gemunsa ya kwanta rub da ciki yana gaida tsohuwa. Mu tsugunawa muke yi, muna ganin mun kai ƙarshen ladabi.

A Agege Mamman ya damƙa mu hannun wani fatoma, Alhaji Tanko, ya ce ranar Laraba ta sama zai juya gida, in mun makara sai dai mu nemi wata. Ɗakin baƙin cike yake da 'yan goro da mahauta. Iska ba ta motsi, mutum ya fito daga wanka zufa ta riga shi sa riga. Alhaji ya ce ba a shiga Dahomai sai da katin allurar shawara, ya kai mu inda ake yi. Ɗanlami ya ga allura ya ce shi ya fasa kiwon kaji. Sai da mahauta biyu suka riƙe shi, wata 'yar siririyar ma'aikaciya ta tsira masa tana dariya.

Ta Idiroko muka tsallaka, a ƙafa. Wani jandarma mai 'yar zagayayyiyar hula ya karɓi takardun Ɗanlami ya ce masa, "Mushe."

Ɗanlami ya juyo. "Idi, ka ji? Ni ne mushen?"

Wani Bazabarme da ke bayanmu ya yi sauri ya ce, "Yi haƙuri Malam, girmama ka ya yi. Haka suke ce wa babban mutum." Tun daga ranar na daina kiransa bawa, na koma Mushe, kuma da sunan aka san shi har ya bar duniya.

Ajashe gari ne na ruwa da kwale-kwale. Burodinsu dogo ne kamar sanda, a hammata suke saƙale shi, in ya kwana kuwa sai ka kori kare da shi. Da rana ta take kowa ya rufe shago ya tafi barci, har ofisoshi. Mata ne ke riƙe da kasuwa, su ne kan babur, su ne ke ciniki da ƙarfi. Muka je zango muka tambayi Haruna Mai Kaji, aka raka mu har ƙofar ɗakinsa a bayan gari.

Da ya fito ban gane shi nan take ba. Yayana da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai ya rame, fatarsa ta yi dabbare-dabbare, yana taka ƙasa a hankali kamar mai tafiya kan ƙaya. Ya rungume ni, ya ba ni hannu, na ji tafinsa kamar dutsen niƙa.

"Yaya, lafiya kuwa?"

"Iskar teku ce, ba ta karɓe ni ba. Ku shigo. Asabe, ga mutanen gida!"

Asabe ta kwance ƙullin daddawar Inna ta shinshina, sai hawaye. Ta share ta ce, "Yau za ku ci abin da ko sarki ba ya samu kullum." Ta kawo mana farfesun hanta da ƙundu, kwano cike, ba ƙashi ko ɗaya. Muka ci har muka kasa tashi. Yaya ya ce otal-otal na Kwatano gangar jikin kaza kawai suke so, don haka kayan ciki na ma'aikata ne, kullum, kyauta. 'Yarsu Hadiza, mai shekara biyar, ta ɗan tsakura ta ture, ta ce cikinta. Asabe ta ce haka take, yau zawo gobe lafiya, an yi rubutu an yi jiƙo duk a banza.

Washegari Yaya ya kai mu gonar. Dogayen rumfuna ne na kwano, cike da fararen kaji iya ganinka. Ba sa tono, ba sa gudu, ba ka jin cara. Ci kawai suke yi su kwanta. Ɗanlami ya ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan ai ta fi zakaran Gwaggo na shekara biyu." Aikin Yaya haɗa abinci ne. A zube masara da dusa da garin kifi a kan siminti, ya ɗebo wani gari daga buhu ya barbaɗa, ya cuɗa da hannu, ƙura na tashi har gashin idonsa. Ya ce da cokali ake aunawa a da, amma tunda masu saye suka yi yawa, shugaban ma'aikata, wanda suke kira Shef, ya ce a riƙa zubawa da gwangwanin madara don su yi saurin nauyi. A gefe na ga wasu kaji suna tangaɗi, wasu ƙafafunsu sun shanye. Yaya ya ce irin waɗannan ma ma'aikata ake bar wa, a yanka kafin su mutu.

Kwana huɗu muka yi, kullum hanta. Ranar da za mu taso mai kula da sito ya ba Yaya ragowar ƙasan buhu, Yaya ya cika mana gwangwani, ya yago takardar da ke jikin buhun ya naɗe shi da ita.

"Duk cikinmu ba mai karanta Faransanci," in ji Yaya. "In kun je Kano ku nemi wanda ya iya, ya gaya muku sunansa, ko ana sayarwa a kanti."

Da hantsi muka iso kan iyaka. Jami'in kwastan da ya buɗe jakata wani dogo ne mai tsage, mutumin Kandi can arewacinsu, yana jin Hausa irin ta 'yan kasuwa. Ya ɗaga gwangwanin, ya warware takardar, ya fara karantawa yana murmushi. Can sai murmushin ya ɗauke.

"Wa ya ba ku wannan?"

Na ɗauka kama mu zai yi. "Ranka ya daɗe, yayana ne. Maganin ƙibar kaji ne."

"Kun san abin da aka rubuta a nan?"

"Wallahi ba mu sani ba."

Ya ɗora yatsa kan layin farko. "Nan an ce guba ne. Kada a taɓa shi da hannu, kada a shaƙi ƙurarsa." Ya gangara. "Nan an ce ɗan kaɗan ake sawa cikin abinci mai yawa, in ya wuce haka kaji za su shanye. Nan kuma an ce a daina ba su kwana biyar kafin yanka, don ya fita daga jikinsu. A hanta ya fi taruwa." Ya ɗago ya dube ni. "Yayan naka me yake yi a gonar?"

"Shi ke cuɗawa."

"Da me?"

Sai hannuna na ɗaga masa. Tafin Yaya nake gani, da Hadiza tana ture kwano.

Jami'in ya ce shi ba likita ba ne, abin da ke rubuce ya karanta. Ya riƙe gwangwanin ya ce wannan ba zai wuce ba, amma ya miƙo mini takardar. "Ka kai wa likita. Ni ma daga irin gonakin nan matata ke sayen kaji," in ji shi, kamar da kansa yake magana.

Ga ƙasarmu can muna hango tutarta, taku kaɗan. Ranar Talata ce, gobe Mamman zai juya. Na waiga in yi shawara da Ɗanlami, sai na ga har ya saɓa jakarsa ya nufi motocin Ajashe. Tunda muka taso daga gida ranar ce kaɗai ban ji ya yi wasa ba.

Asabe na tsugune gaban murhu muka shiga, tukunyar hanta na tafasa. Yaya ya dawo cin abincin rana ke nan.

"Me kuka manta?"

Na zauna na gaya masa duk abin da jami'in ya karanta. Ya saurara har na gama, sannan ya yi tsaki.

"Idi, shekara uku ina cuɗa garin nan. In guba ne ai da tuni an binne ni. Manyan mutane ne ke cin kajin nan a otal."

"Yaya, su tsoka suke ci jefi-jefi. Ku hanta kuke ci kullum."

"To ka zo daga ƙauye jiya, yau za ka koya mini aikina?"

Ɗanlami ya ce, "Yaya Haruna, don Allah buɗe hannunka." Bai buɗe ba. Asabe ce ta tashi, ta sa tsumma ta sauke tukunyar, ta fita da ita bayan ɗaki. Muna ji tana haƙa rami da fartanya. Da ta dawo ta goya Hadiza, ƙatuwar yarinya, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ni zan kai ta asibiti. In za ka zo, ka zo."

Ya zo. Likitan ya karanta takardar, ya duba tafin Yaya da farcensa, ya tsira masa tsinke a tafin ƙafa, Yaya bai ji ba. Ta bakin mai fassara ya ce a cikin garin akwai dangin abin da ake haɗa maganin ɓera da shi, ba ya kisa nan take in kaɗan-kaɗan yake shiga, taruwa yake yi. Ya ce yarinyar za ta warware in an daina ba ta, amma Yaya dole ya rabu da aikin. A hanyar komawa, da muka kusa gida, Yaya ya juyo ya dube ni.

"Da hannuna nake tsamo mata hantar," ya ce. "In ta ƙi ci har faɗa nake yi mata."

Da safe ya tafi gonar da takardar a aljihu, ya tara abokan aikinsa ya gaya musu. Wasu suka yi dariya suka ce Bahaushe ya ƙoshi. Wasu suka matso suna leƙen takardar, musamman masu 'ya'ya. Shef ya fito ya ƙwace takardar, ya ce Yaya ya tattara nasa ya nasa. Ban san abin da ya faru da gonar bayan nan ba, ban kuma san ko an rage gwangwanin ya koma cokali ba. Yaya ya sha tambayar fatake har shekaru, ba wanda ya kawo masa labari mai tushe.

Motar Mamman ta daɗe da tafiya, sai jirgin ƙasa muka hau daga Legas, mu biyar da tabarmi da tukwanen Asabe. Daga Kano muka shiga motar Kura. Da muka wuce Karfi Yaya ya leƙa ta taga ya ga alkama kore shar a tsakiyar rani, ruwa na gudu a kanal, ya ce a tsaya. Direba ya tsaya. Ya sauka da ƙyar, ya tsuguna ya wanke hannuwansa a ruwan, ya daɗe yana wankewa, fasinjoji ba wanda ya ce masa ya yi sauri.

Hadiza ta murmure kafin damina, yau tana da jikoki a Garun Malam. Tafin Yaya ya yi laushi a hankali, amma ƙafafun ba su dawo daidai ba har ya rasu. Aka ba shi aikin buɗe ƙofar ruwa a kanal, yana yi daga zaune. Ni da Ɗanlami kuwa mun yi kiwon kajinmu, na gida, da dusa da haƙuri.

Amma ranar da muka iso ɗin ce ba na mantawa. Inna ta kama hannun ɗanta ta shafa. Ta sa aka kamo mata wata jar kazarta, aka sha gudu kafin a kama ta, har ta haye danga. Da la'asar aka ajiye wa Yaya kwano. Ya buɗe, ya zuba wa naman ido, bai sa hannu ba.

"Inna, me take ci?"

"Wa?"

"Kazar."

Inna ta riƙe haɓa. "Yau na ji ikon Allah. Shekara bakwai ba ka tambayi abin da uwarka ke ci ba, sai kaza? Gara take ci, da tsaki, da abin da ta tono a bayan ɗaki. In ba ka yarda ba ga 'yan'uwanta can, je ka tambaye su."

Duk gidan aka fashe da dariya, har shi. Ya yi bisimilla ya yagi cinya, yana taunawa hawaye na gangaro masa, Inna na zaune gabansa tana kore masa ƙuda da mafici.